Daga Zongo Zuwa Tafkin Togo da Bakin Teku: Matakan Shirya Fitar Wuni Guda

Tun da gwamnati ta rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lome a 1977, aka mayar da jama'a Togblekope a kan hanyar arewa, teku ta yi wa 'yan Zongo nisa. Iyayenmu da ƙafa suke gangarawa bakin ruwa. Yau kuwa sai ka tarar da yaro ya yi izu goma, ya san kowace tirela mai zuwa Yamai da Wagadugu, amma bai taɓa sa ƙafarsa a ruwan gishiri ba.

Wannan fita ce ta wuni guda zuwa gabas da Lome: Togoville a hayin tafki, Agbodrafo inda tsohon gidan bayi yake, sai Aneho inda ruwan tafki ke haɗuwa da teku. Ta dace da gida guda, ko 'yan Islamiyya da malamansu, ko matan adashi. Tsarinta ɗaya ne, kada ka juya shi: tafki da safe, teku bayan Azahar, gida kafin Magariba.

Mako guda kafin tafiya

1. Tsayar da rana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi. Babbar damina tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙaramar kuma a Satumba da Oktoba. Kada Agusta ya ruɗe ka: ruwan sama yana ɗagawa, amma teku a lokacin ta fi hauka. Juma'a dai ba a maganarta. Lahadi da washegarin Sallah bakin teku cike yake maƙil, a nan yara ke ɓacewa. Asabar kuma ranar jana'iza ce a garuruwan kudu, ka iya tarar da an kafa rumfuna an tare titi. Ni dai Talata ko Laraba a lokacin hutun makaranta na fi so. In ba hali, a ɗauki Asabar a yi sammako. A Satumba mutanen Glidji, kusa da Aneho, suna bikinsu na shekara, Epe-Ekpe, gari ya cika da baƙi. Tambayi ranar ka kauce mata.

2. Rubuta sunan kowa a takarda. Ban ce ka riƙe a ka ba. Suna, shekaru, lambar wayar gida. A gaban kowane yara uku ka rubuta sunan babba guda wanda zai riƙe su daga fita har dawowa. Yaron da ba na gidanka ba, je ka nemi izinin mahaifinsa baki da baki. Dattijon da gwiwa ke damunsa, faɗa masa gaskiya tun yanzu cewa akwai shiga kwalekwale da tafiyar ƙafa a rairayi. Ka rufe rajista kwana uku kafin tafiya. In ka yi sake, da safe za ka ga kowace Hajiya ta zo da jika biyu da ba a lissafa da su ba.

3. Ɗauki shatar mota, kuma ka gan ta da idonka. Ƙaramar bas mai ɗaukar mutum goma sha biyar ta ishi gida biyu. Duba tayoyi, da safaya, da jak. Ka sa a tayar da ita, ka taka birki da kanka in ka iya. Nemi ganin lasisin direba, da inshora, da takardar duba lafiyar mota, don jandarmomin hanyar Aneho za su tambaya. Sannan ku zauna ciniki, ka faɗi komai dalla-dalla: "Malam direba, daga Asuba zuwa Magariba ne. Mai a kanka yake ko a kanmu? Kuɗin shingen hanya fa? Za ka jira mu wajen awa uku a Agbodrafo, ka yarda?" Rigimar yamma kusan kullum daga kuɗin jira take tasowa. Ka ba da kafin alƙalami, ragowar sai an sauke mutum na ƙarshe a ƙofar gidansa. Ka kuma gaya masa ba a ɗaukar fasinja a hanya, ko da ƙanin babansa ne.

4. Tara kuɗi ka kasa shi kashi biyar. Na mota, na kwalekwale, na shiga wurare da 'yan jagora, na abinci da ruwa, sai na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa. Kowanne da ambulan ɗinsa. Ka naɗa ma'aji, kada ya zama kai, don kai idonka na kan mutane. A yi canji tun daga Zongo: ɗari-ɗari, ɗari biyar-biyar, jaka-jaka. Wanda ya miƙa wa mai kwalekwale takardar jaka goma ya gama rage wa kansa ƙarfin ciniki. Ka bar wani abu a asusun kuɗi na waya, amma kada ka dogara da waya a bakin tafki.

5. Tanadi wurin sauyi. In gari ya waye da hadari, ko iska ta hana ƙetare tafki, kada a watse. Akwai Palais de Lomé, tsohuwar fadar gwamnonin Jamus da aka gina tsakanin 1898 da 1905, aka gyara ta aka buɗe wa jama'a a 2019. Lambunta ya kai kadada goma, da manyan itatuwa masu inuwa, ga teku a tsallaken titi, ga kuma kufan tsohuwar gadar jiragen ruwa tsaye cikin ruwa ba nisa. Ga dattawa da masu goyo ma wannan kaɗai ya isa fita. Aika yaro tun cikin mako ya tambayo ranakun buɗewa, da kuɗin shiga, da ko suna barin a shiga da abinci.

Jajibirin tafiya

6. Haɗa abincin da ke jure rana. Dambu, soyayyar kaza ko nama da aka tsane daga mai, kilishi, garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari, burodi, dabino. Waina da ƙosai na karin safe ne, a ci su a mota kafin ƙarfe tara. Shinkafa da wake a dafa ta da Asuba, yaji da mai a kwalba daban. Miyar tumatir mai ɗanyen kifi, da duk abin da aka kwaɓa da madara ko mayonis, bar su a gida. Kafin Azahar sun juya. A kasa abincin a robobi gida-gida tun da dare. Ka sa rabon direba a lissafi. Gidajen abincin bakin ruwa da yawa suna sayar da giya, wasu har da naman alade. In za ku sayi wani abu can, gasasshen kifi ya fi kwanciyar rai, kuma ka tambayi me aka riga aka gasa a kan wayar gashin.

7. Ɗaure kaya. Ruwan sha lita biyu ga kowane mutum, ƙari ya fi ragi. A daskarar da rabin ledojin ruwan a firji, su zama ƙanƙarar kula, in sun narke a sha. Jarka guda ta ruwan famfo don alwala da ɗauraye ƙafa, da butoci biyu. Tabarmi, da darduma, da babban zane biyu da za a kewaye wa mata wurin sauya kaya. Kowane yaro da kayan canji a leda mai sunansa. Silifas, ba takalmin Sallah ba. Maganin ciwon kai, gishirin zawo, filasta, auduga, da lemun tsami ga masu amai a mota. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya sa maganinsa a aljihu, ba a ƙasan kaya ba. Sai abu biyu da kowa zai yi maka dariya a kansu: igiya mai tsawon kamar mita ashirin, da jarka babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam. Ɗaura igiyar a hannun jarkar. A mataki na 18 za ka ga amfaninta.

8. Tara yaran da dare ka ja kunne. Doka uku kawai, don ba za su riƙe goma ba: ba a rabuwa da babban da aka haɗa ka da shi, ba a miƙewa tsaye a kwalekwale, ba a taɓa ruwa sai an ce. Rubuta lambar wayarka a 'yar takarda ka sa wa kowane ƙaramin yaro a aljihu. Manya kowa ya ɗauki katin shaidarsa. Baƙon da ya zo daga Maradi ko Kano ya ɗauki fasfo ko katin ofishin jakadancinsa, don Aneho dab take da iyakar Benin, bincike ya fi tsanani a can. Ajiye lambobi biyu a waya: 117 ta 'yan sanda, 118 ta 'yan kwana-kwana. A cika wayoyi da caji.

Ranar tafiya

9. Ku tashi bayan sallar Asuba. Ka ce wa jama'a ƙarfe shida, ka ƙudurta a ranka shida da rabi mota ta motsa. Kira suna daga takarda, kowa ya amsa da bakinsa. Wannan kiran sunan za ka maimaita shi duk lokacin da aka shiga mota ko kwalekwale, har ya gundure su. Masu amai gefen taga, dattawa kusa da ƙofa, kula a inda hannu zai kai. A yi addu'ar hawa abin hawa a kama hanya. Wanda ya makara fiye da kwata, a ba shi haƙuri a waya. Rabin awar da ka ba shi da safe, a tsakiyar tafki za ka biya ta.

10. Ku bi titin kewaye, kada ku ratsa gari. Daga unguwar Agoe ku hau babban titin da ya zagaye Lome, ya sauke ku a shataletalen tashar jiragen ruwa, sannan ku miƙe gabas: Bagida, Avepozo, Kpogan, Agbodrafo. In hanya ta yi kyau, awa guda da 'yan mintoci ne. Titin na manyan motoci ne da 'yan zemijan, wato masu kabu-kabu, kada kowa ya zuga direba ya yi gudu. A Bagida ka nuna wa yara gari: a nan aka sa hannu kan yarjejeniyar 5 ga Yuli 1884 da ta sa ƙasar ƙarƙashin Jamus, kuma da Hausawa Jamusawan suka fara kafa rundunar 'yan sandansu a 1885. Ka kuma sa su lura da yadda teku ta matso. Tun da aka gina tashar jiragen ruwa a 1968, rairayin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma yana taruwa a bayan ganuwar tashar, gabas kuma teku tana cin ƙasa. Tsohon titin Lome zuwa Aneho ma ruwa ya cinye wani sashensa.

11. Fara da tafki, ka gama ciniki kafin kowa ya taka jirgi. A Agbodrafo ku juya hagu zuwa bakin tafki, wajen Hôtel Le Lac, inda masu kwalekwale ke jira. Bar jama'a a mota. Kai da ma'aji ku sauka, ku gaisa da mutane da kyau, sannan a shiga magana. Tambaya huɗu: kuɗin na kowane kai ne ko na jirgi duka? Zuwa da dawowa ne? Awa nawa zai jira a hayi? Akwai rigunan ceto, guda nawa? Dubi cikin jirgin. In ka ga ruwa ya taru a ƙasa ana kwarfewa, nemi wani. Mutum goma sha biyar a raba su jirgi biyu, ko da mai jirgi ya rantse ɗaya zai ɗauka. A biya rabi yanzu, rabi bayan an dawo. Ka riƙe sunansa da lambarsa.

12. Ku shiga ɗaya bayan ɗaya. A cire takalma, a naɗe ƙafar wando, don wani lokaci sai an taka ruwa kafin a kai ga jirgi. Babba ya fara shiga, a miƙa masa yara. Masu nauyi a tsakiya, a daidaita dama da hagu. Wayoyi da kuɗi a leda, a ɗaure. Tafkin Togo ya kai kilomita 15 a tsawo, kogunan Zio da Haho ne ke zuba a cikinsa, wato Zio ɗin nan da ke wucewa ta bayan Togblekope. Ba shi da zurfi sosai, shi ya sa za ka ga mai jirgi yana tsaye a baya yana tura shi da doguwar gora. Kada hakan ya sa ka raina shi: ƙasansa laka ce, kuma ruwan da ya kai wa babba ƙirji ya shanye yaro. Ƙetarewa kusan rabin awa ce. Da safe ruwan kwance yake. Da rana ta take, iskar teku ta taso, sai ya fara dukan gefen jirgi yana fallatsa wa mutane, mata su fara salati, wani ya zabura ya miƙe. Miƙewar nan ita ke kifar da kwalekwale. Dalilin sammakon ke nan.

13. A Togoville, ɗauki ɗan jagora guda ka ba shi awa ɗaya da rabi. Ku daidaita kuɗinsa tun a bakin ruwa. Daga wannan ƙaramin gari ƙasar duka ta samo sunanta, kuma da sunan sarkinsa, Mlapa na Uku, aka ƙulla yarjejeniyar Bagida. Ku ga gidan sarauta da kayan tarihin da ke ciki. Ku ga majami'ar da Jamusawa suka gina a 1910, wadda Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarta a Agustan 1985, shi ma ta ruwa. Garin cike yake da wuraren bautar gargajiya: gumaka a bakin hanya, itatuwa ɗaure da farin ƙyalle. Ja wa matasa kunne tun kafin a kai. Ba dariya, ba nuni da yatsa, ba tofar da yawu, ba ɗaukar hoto sai an tambaya. Ba wanda ya ce ka yarda da abin da suke yi, amma baƙo kake a garin mutane, kuma haka muke so a yi mana in an shigo masallacin Zongo. Wanda ba ya son shiga wani wuri ya tsaya a inuwa ya jira, ba sai ya yi wa'azi ba. Ƙarfe goma da rabi kowa ya kasance a bakin ruwa. In ka ga iska ta riga ta tashi, kada ka yi taurin kai. Akwai hanyar ƙasa da ke zagayowa, kira direba ya zo ya ɗauke ku.

14. Ku shiga gidan bayi na Agbodrafo. Mutanen gari suna kiransa Wood Home. An gina shi wajen 1835, lokacin da Turawan Fotugal ke kiran garin Porto Seguro, bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, don haka a ɓoye ake harkar har zuwa wajen 1852. Daga waje gida ne kawai na mai hali. A falo kuwa akwai murfin katako a daɓe. In aka ɗaga, sai rami a ƙarƙashin gidan duka, tsayinsa mita ɗaya da rabi, ba inda babba zai miƙe. A nan ake tara mutane, a duhu, a kan rairayi mai danshi, 'yan kasuwa suna cin abinci a bisa kansu, har jirgi ya iso. Ku sauka mutum huɗu-huɗu, a kunna fitilar waya, a sunkuya sosai don katakon sama yana fasa goshi. Mai asma, da mai ciki, da yaron da ya ce yana tsoro, kada a tilasta musu. Ku roƙi ɗan jagora ya kai ku rijiyar Gatovoudo, inda ake yi wa bayin wankan ƙarshe. Kafin a koma mota, zaunar da yaran minti biyar. Faɗa musu akwai Hausawa cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa zuwa Bahiya ta Birazil, inda suka ƙulla shirin bore a 1807, kuma a 1835 suna cikin Musulmin da suka yi bore a birnin Salbado. Ka faɗa musu ɗaya gefen ma, cewa a cikin fataken da suka kawo mutane daga arewa akwai namu. Yaron da ya isa sauka ramin ya isa jin wannan.

15. Ku yi Azahar da abincin rana a Aneho. Tafiyar kamar kilomita 15 ce. Za ku wuce Kpeme, inda doguwar gadar lodin fosfat ta shiga cikin teku, sannan shingen kuɗin hanya. Aneho ma tana da Zongonta. Tambayi masallaci, ku yi salla cikin jama'a, mata su samu wurin kewayawa mai mutunci. Ba a ƙasaru a wannan tafiya, don ba ta kai kimanin kilomita 80 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade ba. Ranar da kuka nufi Kpalime, mai nisan kilomita 120, wannan wata magana ce. Ku ci abinci a inuwa, a huta rabin awa.

16. Zagaya gari a mota, kada ku daɗe. Aneho ce hedikwatar Jamusawa daga 1887 zuwa 1897, a unguwar Zebe, kafin su koma Lome, kuma nan layin dogo na farko a ƙasar ya iso a 1905. Tsofaffin benaye irin ginin 'yan Birazil suna nan, wasu sun fara zubewa. Ku tsaya kusa da gada ku kalli inda ruwan tafki ke karo da na teku. Kallo kawai. Wurin ya fi ko'ina kyau a hoto, ya kuma fi ko'ina haɗari.

17. Zaɓi wurin zama a bakin teku. Nemi inda masunta ko wasu iyalai suke kusa, kada ku keɓe inda ba kowa. Dubi rairayi: akwai layin da ruwa ya jiƙa, da tarkacen da ya bari. Ku shimfiɗa tabarmi taku ashirin a bayan wannan layi. Inuwar kwakwa tana da daɗi, amma ɗaga kai tukuna. In akwai 'ya'ya a sama, matsa. Duwatsun da aka jera suka shiga cikin ruwa don tare zaizaya ba wurin hawa ba ne: suna da santsi, ruwa kuma yana juyawa a gefensu. Ajiye jarkar nan mai igiya a gaba, inda kowa ke ganinta. Naɗa mutum biyu masu gadi, su juya wa hira baya su fuskanci ruwa, ba waya a hannu. A sauya su duk bayan minti ashirin.

18. Ruwa iya idon sawu, hannu cikin hannu. Gaɓar Togo ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tana gangarawa da sauri, raƙumin ruwa yana fashewa dab da ƙafarka, in zai koma kuma sai ya kwashe rairayin da kake tsaye a kai, kamar an fizge tabarma daga ƙarƙashinka. Wanda ya iya iyo a kogi ko a kududdufin Togblekope bai iya wannan ba, kuma samarin da suka fi cika baki su suka fi ba da wahala. A kai yara uku-uku, kowanne babba na riƙe da wuyan hannunsa, ba yatsu ba. Kada a juya wa teku baya, ko don hoto. Hijabi da doguwar riga da zane in sun jiƙe nauyi suke yi, su naɗe ƙafa. Mata su tsaya inda kumfa ke ƙarewa. In ka ga wani zirin ruwa mai duhu wanda ya fi sauran kwanciya, ba ya fashewa, yana jan kumfa zuwa ciki, wannan ita ce hanyar da ruwa ke komawa, ku yi nesa da ita. In Allah ya ƙaddara ta ja wani, kada kowa ya faɗa bayansa. Haka ake rasa biyu a maimakon ɗaya. A yi kururuwa a kira masunta, a riƙe bakin igiya a jefa masa jarka, wani ya buga 118. Shi kuma a yi masa ihu ya kwanta rigingine, kada ya yi kokawa da ruwa. In ya iya iyo, ya yi gefe, ya bi tsawon gaɓa, sannan ya nufo tudu.

19. In kun tarar ana jan taru, ku tsaya ku gani. Mutum ashirin ko fiye a jere a kan igiya guda, suna waƙa suna ja da baya taku-taku, na ƙarshe ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Yara sukan fi tuna wannan a kan duk tarihin da ka ba su. Kada a tsallake igiyar, a zagaya ta baya. Matasa in suna so su kama, su nemi izini. In taru ya fito, matan da ke jira da kwanoni su ke da ciniki na farko, kada ka kutsa. Saya daga hannunsu: duba ido ya yi garau, ƙarƙashin kunne ja. Kifin a leda biyu, a ƙasan kula, a kan ragowar ƙanƙara.

20. La'asar a rairayi, sannan a tattara. Ruwan teku yana alwala, amma a ɗebo a buta, kada a tsuguna a bakinsa. Alƙibla ba wuya: sa teku a hannun damanka, ka fuskanci tsawon gaɓa wajen Benin, sannan ka ɗan karkata hagu. A yi sahu biyu bi da bi, don kada a bar yara ba mai gadi. Ana sallamewa a fara naɗe tabarmi. A ɗauraye wa yara ƙafa da ruwan jarka, a sauya musu kaya, jiƙaƙƙun a leda. A tsince duk ledar ruwa da ƙashin kaza a buhu, a tafi da shi. Kira suna.

21. Ƙarfe huɗu da kwata mota ta juya. Za a roƙe ka ƙarin minti goma, ka ƙi. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma daga Bagida zuwa shataletalen tashar jiragen ruwa cunkoson yamma yana iya cinye muku awa guda. Tafiya yamma ce, rana tana cikin idon direba, ga shi ya wuni a zafi. Zauna kusa da shi, ka ba shi goro ko shayi, ka riƙa jansa da hira. Tsayawa ɗaya tak aka yarda, ta sayen kwakwa a bakin hanya, kuma ma'aji kaɗai zai sauka.

22. Sauke kowa a ƙofar gidansa, ka rufe lissafi a daren. Yaron maƙwabta a miƙa shi hannu da hannu ga mahaifiyarsa, a gaya mata abin da ya ci da ko ya yi amai. Duba ƙarƙashin kujeru kafin ka sallami direba, sannan ka cika masa kuɗinsa, da ɗan ihsani in ya kyauta. Kifi a gyara shi a soya ko a sa a firji kafin a kwanta. Bayan Isha'i ku zauna da ma'aji ku buɗe ambulan biyar ɗin, a rubuta abin da aka kashe, a mayar wa kowane gida canjinsa ko da dala biyar ce. Da safe a kakkaɓe tabarmi, a wanke kula da butoci da ruwan famfo, a shanya igiya, don gishiri yana cin kaya in ya kwana biyu a jikinsu.